Ranar Haihuwa a Fom Ɗin Kwamfuta

A hutun da ya wuce na raka yayana daga Dingyaɗi zuwa Sakkwato, don ya cika fom ɗin neman makaranta a wani shagon kwamfuta. Ran 3 ga Afrilu aka haife shi, amma takardar da aka buga masa ta fito da 4 ga Maris. Mai shago ya rantse 03/04 ya buga, kuma bai yi ƙarya ba.

Ga yadda abin yake. Duk abin da aka buga a fom, rubutu ne kurum a wurin kwamfuta, sai ta juya shi zuwa kwanan wata bisa ga ƙa'idar da aka tsara mata. Mu a Nijeriya, kamar Ingila, rana muke fara rubutawa, sa'an nan wata, sa'an nan shekara. Mutanen Amurka kuwa da wata suke farawa. To, in fom ɗin tsarin Amurka yake bi, ka buga 25/12, nan take zai ƙi karɓa, don babu wata na 25. Wannan da sauƙi. Haɗarin yana daga ran 1 zuwa ran 12, inda kwamfuta za ta karɓi kuskure ba ta ce uffan ba. A ganina, fom mai kyau shi ne wanda ake zaɓen wata da sunansa, wanda kuma zai ƙi 31 ga Afrilu, ya karɓi 29 ga Fabrairu a 2008 amma ya ƙi ta a 2009.

Mu kuma muna da wata juyawar tun daga gida. In ka tambayi inna, sai ta ce da azumi aka haife ka. Shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, watau azumi ba ya zama wuri ɗaya. Alal misali, na 1430 ya faɗo a Agusta da Satumba na 2009. Ko an juya ma, ana iya samun bambancin kwana ɗaya, tun da mu ganin wata muke bi, Sarkin Musulmi ya sanar. Wanda ba a rubuta masa ba kuwa, sau da yawa 1 ga Janairu ake sa masa.

Iyaye, abin ba na wasa ba ne. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma in ranar da ke can ta saɓa da ta takardar sakandare, gyara sai an sha wuya. Yayana sai da ya koma Sakkwato sau biyu, har da rantsuwa a kotu.