Bazday Ɗin Yaro Ba Ya Bukatar DJ

Na gaji da ganin wani irin bidiyo da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Tsakar gida ce, an kafa rumfa, an girke lasifika biyu, kowacce ta fi mai bikin tsawo. An jero yara 'yan shekara biyar zuwa takwas, wani saurayi riƙe da makirufo yana ta ihu wai a fito a cashe, wanda ya fi iya rawa shi zai ci kyauta. Iyaye mata suna gefe ana shewa ana liƙi, kowa ya ɗaga waya. Shi kuwa yaron da aka ce dominsa aka taru, in ka neme shi sai ka hango shi a kan wata kujera mai ado, an naɗe shi cikin shadda mai sitaci, hula ta sauko har ido, zufa na keto masa, an hana shi motsi kada ya ɓata kaya kafin mai hoto ya iso.

Wannan shi ake kira bazday yanzu, wato bikin zagayowar ranar haihuwa. Maganar halaccinsa ko rashinsa ta malamai ce, sun yi bayani, kuma kowane gida ya san wanda yake bi. Wanda ba ya yi, ba da shi nake ba. Da masu yi nake, musamman masu cewa: "Ai in babu DJ da gasar rawa, yara ba za su ji daɗi ba."

Wa ya gaya muku haka? Yaran kuka tambaya?

Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya lura da yara, ba da manya ba, ya san abin da ke faruwa. Minti goma na farko sukan yi tsalle-tsalle. Daga nan sai ka ga 'yan mazan sun zame ɗaya bayan ɗaya, sun koma bayan rumfa ko zaure, sun samo robar lemo da aka jefar suna buga ta kamar ƙwallo. A can ake dariya ta gaskiya. Sai wata anti ta bi su da tsawa: "Kai, ku dawo nan, an biya kuɗin DJ!" To, yaro ya riga ya nuna abin da yake so. Gudu yake so, da tsalle, da abokansa. Kiɗan na manya ne, hoton na manya ne, gasar kuwa tsakanin Maman Wane ce da Maman Wane, don kada a ce nata bai kai na maƙwabciya ba.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Akwai kunne. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, kuma hirar yau da kullum ba ta wuce kusan 60 ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan sauraro ta na'urori ta sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75, saboda nasa kunnen ya fi bukatar kariya. In sauti ya kai desibel 100, wanda manyan lasifikokin biki ke iya kaiwa cikin sauƙi, abin da babba zai iya ɗauka ba tare da haɗari ba kusan minti 20 ne a duk mako. Mu kuwa sai mu zaunar da ɗan shekara huɗu a gindin lasifika daga la'asar har bayan magariba, a tsakar gidan da katanga ta kewaye, sauti na bugun gini yana dawowa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Kuma abin ba ya zuwa da jini ko kumburi balle a ruga asibiti. Sannu a hankali yake ci, sai wata rana malamin makaranta ya ce yaron ba ya mai da hankali. Ba sai kin sayi na'urar awo ba, Hajiya. In sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke ta ji ki, sautin ya yi yawa.

Sannan a saurari abin da ake sa musu. Waƙoƙin da aka yi don gidan gala da bikin manya, masu kalmomin da uba ba zai iya maimaitawa a gaban surukinsa ba, su ake kunna wa 'yan firamare, a ce su karkaɗa jiki, manya na tafi. Gobe yaron ya rera a gaban baƙi a kai masa mari. Laifin wa? Bidiyon kuma an riga an watsa shi duniya, da fuskarsa da sunansa da ƙofar gidansu, ba shi da ikon goge shi ranar da ya yi hankali ya ji kunya.

Ita kanta gasar rawar, a duba tsarinta. Yara ashirin, ɗaya ya ci, goma sha tara su koma da ɓacin rai. Akan fara fitar da mai kunya, ana masa ihu, shi ke nan biki ya ƙare masa tun ba a je ko'ina ba. Wanda uwarsa ke da sababbin kuɗi a jaka a yi masa liƙi, ɗan maƙwabta da ya zo da silifas ya tsaya yana kallo. Wannan ba wasa ba ne, koyar da fifiko ne tun da ƙuruciya. Talauci da tsadar rayuwa da son a sani duk suna da hannu a yadda abin ya koma, amma wannan zance ne na wata rana.

To me za a yi? Abin mamaki, muna da kayan aiki a gida muna ta haya a waje. Bahaushe bai taɓa rasa wasan yara ba. Ga langa, wadda yaro ke kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu yana tsalle da ɗayar, ƙungiya biyu, kowacce na kare wanda ta naɗa "ruwa" har ya kai wurin sha. Ba ƙaramin wasa ba ne, tana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa a Najeriya tare da dambe da kokawa. Ga wasan ɓuya, ga 'yar gala-gala da ba ta bukatar komai sai alli ko gawayi, ga gare-gare da tsohuwar taya. A haɗa da na makaranta: tseren buhu, jan igiya, da tseren cokali, amma a ɗora lemon tsami maimakon ƙwai, don ƙwai ya yi tsadar da ba a wasa da shi.

A fara da rage jama'a. Yaro ɗan shekara shida ba shi da abokai hamsin. A tambaye shi su wa yake so su zo, a ƙara da 'yan uwa da na maƙwabta. Awa biyu sun isa, bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a sallami kowa kafin magariba. A sa masa kayan da zai iya birgima da su. In hoto ake so da shadda, a ɗauka tun kafin baƙi su zo, a cire.

Yara ba sa zuwa lokaci guda, don haka a tanadi abin da na farko zai kama kafin na ƙarshe ya iso. A shimfiɗa tabarma, a zuba takardu da fensir mai kala, ko kwalaye da murafan kwalba da kara, wani yaya ya nuna musu yadda ake haɗa mota. Za ku sha mamakin yadda tsakar gida za ta yi tsit. In sun cika, sai a shiga wasannin gudu tun suna da ƙarfi. A raba su ƙungiya-ƙungiya, a gauraya manya da ƙanana, kuma babba ne zai raba, kada a bar su su zaɓa, don wanda aka bari a ƙarshe ba ya mantawa. Kowane wasa kada ya wuce minti goma ko sha biyar. Da an ga sun fara waige-waige a canza, tun ana marmarinsa. A guji wasan da ake fitar da mutum ya zauna kallo. In ma tsarin wasan ke nan, a ba wanda ya fita aiki, ya zama alƙali ko mai ƙirga maki.

Wanda na ga 'yan maza sun fi so shi ne farautar ɓoyayyen abu. A ɓoye leda cike da biskit a wani wuri, a ajiye alamu a takarda, ta farko ta kai su gindin randa, ta biyu bayan turmi, ta uku ƙarƙashin tabarmar Kaka. Wanda ya iya karatu ya karanta, ƙanana su ruga. In an gano, kowa ya samu rabo. Bayan nan a wanke hannu a ci abinci. Shinkafa da wake ko dafa-duka, da zoɓo ko kunun aya, sun fi tulin lemon kwalba, wanda kwalba ɗaya mai santilita 35 kan ɗauki sukari kusan cokalin shayi tara. Ciki ya cika, jiki ya mutu, sai a kira Kaka ko Gwaggo ta zauna a tsakiya ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, a biyo da kacici-kacici. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa jin tatsuniya daga bakin mutum ba. Kyautar tafiya gida kuwa ta zama iri ɗaya ga kowa, ko da fensir ne da alawa.

Sai abin da in aka yi sakaci da shi biki zai koma makoki. Balan-balan da muke rainawa, a Amurka tun 1994 doka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin ledarta cewa yaron da bai kai shekara takwas ba zai iya shaƙewa da wadda ba a hura ba ko wadda ta fashe. Roba ce, in ta manne a maƙogwaro tana toshe numfashi gaba ɗaya. Babba ya hura, kuma da ta fashe a tsince ɓaraguzan nan take. Gyaɗa ɗai-ɗai da gugguru da alawa mai tauri ba na 'yan ƙasa da shekara biyar ba ne, kuma ko babba ne kada ya yi gudu da abu a baki. Ƙaramin usur ɗin roba da ake sakawa cikin ledar kyauta ma haka, yaro na iya zuƙe shi. Fesa kumfar gwangwani kusa da kyandir mai ci ganganci ne, domin tana kama wuta. A rufe rijiya da kwaɗo, a kifar da bokitai da baho, a tare hanyar murhu. Janareta ya zauna a waje, nesa da taga, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. A sa babba ɗaya a bakin ƙofa, kada yaro ya bi ƙwallo ya faɗa titi. A kuma tambayi iyaye tun da wuri ko akwai mai asma ko sikila ko wanda wani abinci ke wa illa.

Ku kuma magidanta, ba da kuɗin kek a fice majalisa ba shi ne an sauke nauyi ba. Awa biyu ce kacal. Ku tuɓe babbar riga, ku riƙe igiyar nan, ku zama alƙalan langa, ku bar DJ ya nemi kasuwarsa a bikin manya.