Gurmukh Singh da Rigimar Tumtum

Duk wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya, a Njamena ne ko a Kano, ya san mutumin nan mai rawani da gemu. Wasu su ce Musulmi ne, wasu su ce ai Hindu ne ya yi naɗi. Haba! Sikh ne, addininsa daban, Guru Nanak ya kafa shi a yankin Punjab. A Punjab ɗin ma sai da aka sha fama kafin a raba wannan gardama, kuma cikin waɗanda suka sha wuyarta har da Farfesa Gurmukh Singh.

An haife shi a Kapurthala a 1849, mahaifinsa kuku ne a gidan sarki. Ya koyar a Oriental College ta Lahore, ya tsaya har aka fara koyar da harshen Punjabi a can a 1877. A 1879 ya kafa ƙungiyar Singh Sabha ta Lahore, ya kuma buɗe jaridu.

Amma maganar tumtum ita ce ta nuna ko wane ne shi. A gurdwara, ɗakin ibadarsu, littafinsu Guru Granth Sahib kaɗai ake ɗorawa a kan karaga, kowa kuwa a ƙasa yake zama, sarki da talaka. To, akwai Baba Khem Singh Bedi, daga zuriyar Guru Nanak, mai dukiya da ɗimbin mabiya, wanda ake ajiye wa tumtum na musamman a gaban littafin. Ɗan kuku ya ce atafau ba za a yi haka ba. Kada wani ya ce rigima ce a kan abin zama kawai. Tambayarsa ita ce: jini ne ke ɗaga mutum a gaban littafi? Shi da ya jawo Giani Ditt Singh, wanda ake wa gorin asali, ya mai da shi abokin gwagwarmaya, ai ba zai ga wannan ya yi shiru ba.

A kan irin wannan tsayin daka, a 1887 manyan addinin a birnin Amritsar suka fitar da takardar korarsa daga al'umma. Bai fasa ba, yana cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har aka aza harsashin Kwalejin Khalsa ta 'yan Sikh a 1892. Ya rasu a 1898 da hukuncin a kansa. Sai a 1995 Akal Takht, babbar kujerar addinin, ta janye shi.