Ganyayen Miya: Magani a Gonar Yaro

Sau da yawa akan raina kwaɗon zogale da rama, a ce cimar talaka ce. Alhali kuwa ganyayen nan, da alayyafo da lalo, suna ɗauke da sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙarancin wannan bitamin ke haddasa dundumi, har yakan makantar da yaro. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsu kuma yana taimakawa wajen hana ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu.

Sai dai fa doguwar dahuwa da yawan kanwa suna lalata bitamin C, shanya a rana kuma tana rage karotin. Saboda haka a busar da ganye a inuwa, a kuma haɗa shi da mai ko ƙuliƙuli, domin da maiƙo hanji ke tsotse karotin. Ɗalibai, ku isar da wannan saƙo gida.