Abubuwan da ya kamata ka sani game da rundunar Jamusawan da ta raini sojan saman Najeriya

Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, kunnen mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ya saba da rugugin jirgin yaƙi. Mai ban-ruwan albasa a fadama yakan ɗaga kai ya nemi jirgin a inda ƙarar take, alhali tuni ya yi gaba, ya nufi wajen Isa da Sabon Birni. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, rundunar da ke turo jiragen nan Bajamushe ne shugabanta na farko, na biyun ma Bajamushe ne. Ayarin sojan saman Jamus da ya yi wannan reno bai yi tsawon rai ba, amma sawunsa bai goge ba.

Me ya sa Jamus, ba Ingila ba?

Da aka samu mulkin kai a 1960, Najeriya na da sojan ƙasa da ɗan na ruwa, na sama kuwa babu. Da aka tura dakarunta kwantar da tarzoma a Kwango, jiragen wasu ƙasashe ne suka yi jigilarsu. Ga kuma yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila, wadda ɗalibai da 'yan adawa suka yi wa ca, suna cewa mulkin mallaka ne ya dawo ta bayan gida. A Janairun 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta.

Sai ministan tsaro, Muhammadu Ribaɗu, ya shiga neman malamai a wasu wurare. Aka tura samarin farko Habasha a 1962 su koyi tuƙin jirgi, wasu Kanada, wasu Indiya. Babban aikin kuwa, wato kafa rundunar tun daga tushe, Jamus ta Yamma aka danƙa wa a 1963. Majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar a Afrilun 1964.

Kada a ɗauka don Allah da Annabi Jamusawan suka zo. A lokacin Jamus biyu ce, kuma gwamnatin Bonn ta Yamma ba abin da take tsoro kamar ƙasashen Afirka su amince da Jamus ta Gabas, 'yar gaban goshin Tarayyar Sobiyet. Taimakon soja na cikin abin da take riƙe abokai da shi. Tanzaniya ta gani a ƙwaryar cinta a 1965: da Julius Nyerere ya bar Jamus ta Gabas ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Darussalam, nan take Bonn ta kwashe masu horas da sojansa. Abin dariyar ma, sojan saman Jamus ta Yamma kansa sai a 1956 aka sake kafa shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗan shekara bakwai ne aka ba goyo.

Waɗanda suka zo da abin da suka kawo

Kanar Gerhard Kahtz ne ya jagoranci ayarin, ya kuma zama babban hafsan sojan saman Najeriya daga 1963 zuwa ƙarshen 1965. Kanar Wolfgang Thimmig, wanda ya tuƙa jiragen farautar dare a yaƙin Hitila, shi ya gaje shi. Kaduna ce cibiyar horon.

Jiragen da suka kawo ba na faɗa ba ne. Akwai Piaggio P.149, na koyon tuƙi, sai Dornier 27: injinsa ɗaya, farfela a hanci, fiffike a bisa kai, mutum biyar ko shida ya cika. Amfaninsa shi ne ba ya neman kwalta. Ɗan fili mai laushin ciyawa ya ishe shi tashi da sauka. Ga ƙasa mai faɗin Arewa, wadda hanyoyinta ke yankewa da damina, zaɓin na hankali ne. A ganina babban abin da suka bari ba jiragen ba ne, makanikai ne da tsarin kula da inji, wanda ba a ganinsa a fareti.

Daren 15 ga Janairun 1966

A wannan dare ne sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, a gidansa na Kaduna, garin da Jamusawan ke koyarwa. Aka kashe Tafawa Ɓalewa a kusa da Legas. Gwamnatin da ta gayyato su ta faɗi, su kuma suka fara naɗe tabarma. Cikin watan Thimmig ya sauka, aka ɗauko Laftanar Kanar George Kurubo daga sojan ƙasa aka ɗora a kujerar, don a cikin 'yan rundunar babu wanda ya kai.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya. Tarayyar Sobiyet ce ta cike gurbin: a 1967 aka sauke jiragen MiG a filin jirgin Kano, ga L-29 na Cekosulobakiya, Misirawa na tuƙa wasu. Abin da Bonn ke gudu shi ya faru. Kanar Shittu Alao da ya gaji Kurubo ya rasu a haɗarin jirgi a 1969. Sai a 1975 aka samu shugaba ɗan gida na ainihi, John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin samarin Habasha.

Zumuncin bai mutu ba. A farkon shekarun 1980 Najeriya ta sayi Alpha Jet guda 24, ƙirar haɗin gwiwar Dassault na Faransa da Dornier na Jamus. Sun yi aiki a Laberiya da Saliyo, sun yi a dajin Sambisa, suna yi a arewa maso yamma.

To, makaman kakkaɓo jirage fa?

Wannan fanni Jamusawa a gida suka bar shi. Lokacin yaƙin cacar baka an shata layi a Jamus ta Yamma daga iyakar Denmak har gindin duwatsun Alps, aka jera sansanonin makamai masu linzami ƙirar Amurka suna fuskantar gabas dare da rana: Nike Hercules don jirage masu nisan sama, HAWK don masu shawagi ƙasa-ƙasa. HAWK uku-uku ake ɗora su a kan maharbi guda, na'urar rada ta haska jirgin, makamin ya bi hasken da ya dawo har ya cim masa. Daga baya aka ƙaro Roland da Patriot. Roland ɗin, ƙirar Faransa da Jamus, sojan ƙasan Najeriya ma sun saya a shekarun 1980.

Da katangar Balin ta faɗi a 1989, sai aka ga maƙiyi ya tafi. Aka yi ta rusa rundunonin ɗaya bayan ɗaya. HAWK da Roland suka yi ritaya a 2005, sojan ƙasan Jamus suka rufe sashensu na kare sama a 2012, zuwa 2013 babbar runduna ɗaya ta rage, mai hedikwata a Husum. Da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, tsofaffin tankokin Gepard masu bindiga biyu da aka jingine tun 2010 aka kakkaɓe wa ƙura aka aika, suka kuwa yi suna wajen harbo jirage marasa matuƙi. Yanzu Jamus na kashe maƙudan kuɗi tana sake gina abin da ta rushe da hannunta, har da sayen Arrow 3 daga Isra'ila.

A nan gida kuwa lamarin a juye yake: gwamnati ke da jirgi, ɗan bindiga ke harbi daga ƙasa. Ranar 18 ga Yulin 2021 aka harbo Alpha Jet a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya sulale cikin duhu har ya kai ga sojoji. Ba a buƙaci rada ko linzami ba, ruwan harsashi ya wadatar.

Yamai: zuwa na biyu

Sojan saman Jamus sun sake dawowa yankin, wannan karon Nijar: a 2016 suka kafa sansanin jigila a filin jirgin Yamai, don hidimar dakarunsu da ke Gao a Mali ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar, Mohamed Bazoum. Jamusawa suka bar Gao a Disambar shekarar, aka kasa daidaitawa da sababbin mahukuntan Nijar a kan sharuɗɗan zama, sojansu na ƙarshe ya tashi daga Yamai a ƙarshen Agustan 2024. Wata huɗu kafin nan, a Afrilu, gidan talabijin na gwamnatin Nijar ya nuna wani jirgin dakon kaya yana sauke masu horas da soja daga Rasha, tare da na'urar kakkaɓo jirage.