Man retinol a ƙarƙashin ranar Adar

Daga Madawa zuwa Buza har Keita, iyaye mata sun daɗe da sanin bitamin A. Tun 1997 ƙasar Nijar ta haɗa rabonsa da ranakun allurar shan inna, ana matsa shi a bakin yara don ya tsare su daga dundumi: shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga wanda ya cika shekara. Wannan bitamin ne masana ke kira retinol, kuma yau ya dawo cikin kwalaben man fuska da ƴan mata ke gani a wayar salula, suna aike a sayo musu daga Yamai ko Kano.

An gano bitamin A a 1913. A 1971 hukumomin Amurka suka amince da tretinoin, ɗan'uwan retinol mai ƙarfi, a matsayin maganin ƙurajen fuska, bayan binciken likita Albert Kligman. Shi retinol ya fi sauƙi, domin sai fata ta juya shi mataki biyu kafin ya fara aiki. Yana hanzarta saɓar fata, yana buɗe ƙofofin gashi da maiƙo ya toshe, kuma sannu a hankali yana rage tabo da tamoji.

Sai dai an tsara shawarwarin amfani da shi a ƙasashen da rana ba ta da zafin ta Adar. Macen da ke wuni a fadamar albasa ta Madawa, ko mai hawan duwatsun Buza neman itace, fuskarta na shan rana tun safe har la'asar, ga iskar hunturu mai busar da fata daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Retinol kuwa a makonnin farko yana kawo bushewa, da raɗaɗi, da saɓa. Baƙar fata idan ta ƙone, tabon da take bari ya fi na da duhu, har ya kai watanni bai gushe ba. Wadda ta yi garaje sai ta ƙare da abin da ta so gogewa.

Saboda haka likitocin fata ke cewa a fara da mai rauni, wanda bai wuce kashi 0,3 cikin ɗari ba. Wannan ce iyakar da Tarayyar Turai ta ƙayyade wa man fuska a dokarta ta 2024. Da dare ake shafawa, domin haske yana lalata shi. A wanke fuska da sabulu marar kaifi, a bari ta bushe sarai, a ɗebi kamar ƙwayar wake ɗaya a rarraba, a kauce wa gefen ido da leɓe da kusurwar hanci, sannan a bi da mai mai laushi. Dare biyu a mako ya isa a watan farko. In fata ta jure, a ƙara. Da safe kuma sai man kare rana mai lamba 30 ko fiye, da mayafi ko malafa. Wadda ba za ta samu wannan kariya ba, gara ta dakata. Ba a ganin canji sosai kafin wata 3.

Mai ciki, da mai neman ciki, ba su shafa shi ko kaɗan, domin magungunan wannan dangi suna iya nakasa jariri, kuma mai shayarwa sai ta tambayi ungozoma. A karkarar da aure ke zuwa da wuri, haihuwa kuma kusa-kusa, wannan sharaɗi ya fitar da mata masu yawa daga lissafi.

Retinol ba man bilicin ba ne. Haɗa shi da mayukan hasken fata da ake kasawa a kasuwa, masu ɗauke da hidrokinon ko kortizon, yana sirantar da fata ya bar ta a ƙone. Ƙwanson yara ma ba na fasawa a fuska ba ne. Wadda ƙurajenta suka yi ruwa ko suke barin rami, asibitin gunduma za ta nufa, a duba ta kafin ta sayi kowace kwalba.