Sunan Takarda Da Sunan Baki: Misalin Tseren Motoci Na Dakar

Galibin abubuwan da mutane suka saba da su suna biyu gare su. Akwai wanda aka raɗa a ofis aka buga a takarda, akwai kuma wanda ke bakin jama'a. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, gama yaro ya kan sami sunan yanka ran suna, amma ya girma har ya yi furfura ba a san shi da kome ba sai Ɗanladi ko Tanko. A nan za a kira na farin sunan takarda, na biyun kuwa sunan baki. Abin tambaya shi ne, wanne ya kamata mai rubutu da Hausa ya ɗauka, ko mai juya labari daga Turanci?

Tseren motocin nan da a ke kira Dakar misali ne mai kyau, tun ba da ya ke ya sha ratsa ƙasar Nijar ba. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙago shi. An tashi na farko daga Faris ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura suka keta Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai, suka shiga Mali, suka isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979. A sa'an nan sunan Faris-Dakar gaskiya ya ke faɗi, watau mafari da maƙari. Amma ba a daɗe ba hanya ta fara sauyawa, sunan takarda kuwa yana binta. A 1997 Dakar-Agadas-Dakar ne. A 2000 daga Dakar aka nufi Alƙahira, har aka kwashe 'yan tsere cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya don tsoron 'yan tare hanya. A 2003 aka tashi daga Marsai aka ƙare a Masar, ba Faris ba Dakar, ga kuma sunan kamfanin Telefónica an liƙa a gaba saboda kuɗin da ya zuba. Na 2008 aka soke shi bayan an kashe Faransawa 4 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 a Amurka ta Kudu aka yi ta yinsa, a 2020 kuma aka koma Saudiyya. Duk wannan yawo, a bakin mutane Dakar ne, har su masu shirya shi sun riƙe sunan.

Waɗansu masu gyaran rubutu su kan ce wannan suna ƙarya ne, don me za a kira tseren da a ke yi cikin rairayin Saudiyya da sunan babban birnin Senigal? Lalle maganarsu tana da kamar hujja, amma sun ɗauki suna a matsayin siffa. A ilmin harshe, kalma in ta zama suna sai ta daina bayyana halin abu, aikinta ya zama nuni kawai. Ba sai an je nesa ba. Sabon Garin Zariya ya tsiro ne a gefen tashar jirgin ƙasa, sa'ad da jirgi ya iso wajen 1911. Ya haura shekara 100 ke nan, amma ba wanda ya taɓa cewa a daina kiransa sabo. Haka kuma PZ, inda 'yan kamasho ke kiran fasinja. Haruffan farko ne na Paterson Zochonis, kamfanin 'yan kasuwar Ingila mai kanti a wurin. Mai hawa mota daga Samaru bai damu da kamfanin ba, ko da ya ke tun 2002 sunansa ya zama PZ Cussons. Unguwa ya ke nufi, direba kuwa ya gane. Gaskiya ma haka, kamfanin ɗab'i da aka kafa a 1945 ya bar wa hanya da unguwa sunansa.

Saboda haka a kan labari da cikin jikinsa sunan baki ya fi cancanta, muddin yana kai mai karatu ga abin da a ke nufi ba da tuntuɓe ba. Sunan takarda a kawo shi sau ɗaya, wurin ambato na fari, sa'an nan a bar shi ya huta. Sunan kamfanin da ya saka kuɗi kuwa ba shi da wuri, sai fa in maganar kuɗin a ke yi, gama bana wannan ne, baɗi wancan, marubuci kuma ba ɗan talla ba ne.

Amma fa sunan baki yana da ramuka biyu, a nan ne kuwa ya kamata a yi hattara. Na farko shi ne ya kan haɗiye zamani. Kwalejin Barewa a Katsina aka kafa ta a 1921, aka mai da ta Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, ba ta kuwa zama Barewa a takarda ba sai 1971. Yau kowa cewa ya ke Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa 'yan Barewa ne. A hira wannan daidai ne, makaranta ɗaya ce. Amma mai rubuta tarihi in ya ce sun yi karatu a Barewa ya yi shiru, ya sa ɗalibi ya zaci a Zariya suka zauna, alhali kuwa Kwalejin Katsina suka yi, tun makarantar ba ta bar Katsina ba. Daidai da wannan, wanda ya rubuta cewa wane ya ci Dakar a 2015 bai ƙara kome ba, ya bar mai karatu yana hangen hamadar Tenere, bayan kuwa daga Ajantina aka tashi, a can kuma aka ƙare. In ana maganar shekara guda, sai a faɗi sunan da abin ke da shi a shekarar, da inda aka yi shi.

Rami na biyu, suna ɗaya ya kan hau abu biyu. Da can in mutumin Samaru ya ce za shi Shika, gonar kiwon dabbobi ta gwamnati ya ke nufi, wadda aka kafa a 1928. Tun da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma can a 2005, in aka ce an kai wane Shika sai hankali ya tashi, ba mai tuna shanu. Sabon Gari ma haka. A takarda Samaru cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari ta ke, amma matar da ta ce za ta Sabon Gari daga Samaru kasuwa za ta, sai ta shiga mota ta wuce Kwangila. Tseren ma bai tsira ba. Tun 2009 akwai wani dabam, Africa Eco Race, wanda shi ne ya kan ƙare a Dakar ɗin. Mai juya labari in ya ce "tseren Dakar" alhali wannan ya ke nufi, ya sa mai karatu cikin motar da ba tasa ba. A irin wannan wuri ba makawa sai sunan takarda, kome tsawonsa, kamar yadda akawun kotu ba ya rubuta Ɗanladi in Ɗanladi biyu ne a gaban alƙali.