Ɗa Ɗaya Tilo: Kafin A Ɗora Wa Uwargida Laifi

A zangon Kumasi ko Kwatano, da yaro ya shekara huɗu ba a yi masa ƙani ba, sai tambaya ta fara: "Har yanzu shiru?" Uwar ake tambaya, ba uban ba. Daga nan sai jiƙe-jiƙe, sai maganar ƙarin aure.

To amma Alhaji, tsaya ka yi lissafi. Kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki ba su wuce shida ba a wata. Kai kuwa kana hanyar Legas ko Lome, ka leƙo gida kwana uku ka juya. Likitoci kan fara bincike ne bayan shekara ɗaya ana tare ba ciki, ko wata shida idan matar ta haura shekara 35.

Haihuwar fari kuma ba ta wanke kowa ba. Ciwon sanyin da ba a magance ba kan toshe hanyar haihuwa, ga mace da namiji. Gwajin maniyyi ya fi na mata sauƙi. Ku je asibiti tare.

In an yi iya ƙoƙari Allah bai kawo ba, a riƙe na hannu da kyau. A daina cewa "ɗaya ne kacal" a gabansa. Yana ji.